Idan Hanyoyi Biyu Suka Yi Karo a Manhajar Yanar Gizo

Duk adireshin da aka buɗe a burauza, manhajar da ke kan uwar garke ce ke zaɓar sashen da zai amsa shi, kuma tana yin zaɓin ne daga jerin hanyoyin da mai rubuta ta ya tsara. Matsala tana tasowa idan adireshi ɗaya ya dace da hanyoyi biyu.

A ɗauki manhajar makaranta da aka gina da tsarin Django. Hanyar /dalibai/<suna> mai gurbin suna tana nuna bayanin ɗalibi, hanyar /dalibai/sabo kuma tana buɗe takardar rajistar sabon shiga. Malami ya latsa rajista, sai allo ya ce babu ɗalibi mai wannan suna. Abin da ya faru shi ne Django, kamar Express da Rails da FastAPI, daga sama yake karanta jerin zuwa ƙasa, kuma hanyar da ta fara dacewa ita ke ɗaukar aikin. Ta farko ta haɗiye kalmar "sabo" a matsayin suna, ta biyu ko labari ba ta ji ba. Abin da ya fi damuna a nan shi ne manhajar ba ta kokawa. Shiru take yi, sai mai amfani ya gano.

Gyaran gaggawa shi ne a ɗaga tsayayyiyar hanya sama da mai gurbi. Yana aiki, amma bai kashe maganar ba. Sabo suna ne na mutane, ranar da aka yi wa wani Sabo rajista, shafinsa zai ɓace a bayan takardar rajista. Gara a ƙuntata gurbin. Tun daga Django 2.0, wanda ya fito a Disambar 2017, ana iya rubuta /dalibai/<int:lamba>, gurbin ba zai karɓi komai ba sai lamba. Da haka hanyoyin sun rabu, ko wacce aka sa a sama.

Flask bai dogara da jeri ba, tsayayyiyar hanya yake fifitawa da kansa. Harshen Go ya ƙara gaba a sigar 1.22 ta Fabrairun 2024: hanyar da ta fi keɓantuwa ita ke rinjaye, idan kuwa biyu suka yi karo babu wadda ta fi, shirin zai tsaya tun lokacin rajistar hanyoyin, ya ambaci waɗanda suka yi karon, kafin wani malami ya kai ga latsa komai.