Allon zamiya a kasuwannin Abijan: Katako zalla ko mai haɗin zare, wanne zai jure hunturun Arewa?

Daga wakilinmu a Abijan

Duk ɗan kasuwar da ya saba sarin kaya a Adjamé, babbar kasuwar birnin Abijan na ƙasar Kodebuwa, ya san cewa da zarar ƙarshen shekara ya ƙarato, shagunan kayan wasan yara kan cika maƙil. Daga cikin kayan da ke ɗaukar hankali akwai wani ɗan allo mai taya huɗu, wanda yaro ke hawa ya tura da ƙafa ɗaya ya zame a kan kwalta ko siminti. Shi ne muke kira allon zamiya. To amma kamar yadda masu magana ke cewa, kama da wane ba ta wane, domin alluna biyu za su iya zama iri ɗaya a ido, alhali ɗaya zai yi shekara ana hawansa, ɗayan kuwa ko gida ba zai isa lafiya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne abin da ya sami wani ɗan'uwana da ke fatauci tsakanin Abijan da Maraɗi. A watan Yuni, ana tsakiyar damina, ya sari katan-katan na allunan masu arha a wani shago, ya loda su a mota ta hanyar Buwake da Wagadugu, ya jibge su a ɗakin ajiya mai rufin kwano yana jiran lokacin bukukuwa. Ko da hunturu ya kankama ya buɗe kayan, sai ya tarar wasu sun karkace, wasu kuma bakinsu ya dare falle-falle kamar littafin da ruwa ya jiƙa. Da ya kira ni yana salati, abin da kawai na iya ce masa shi ne: Yaya, sai haƙuri, amma ka sayi fenti ne, ba allo ba.

Asalin wasan dai daga jihar Kalifoniya ta Amurka ya fito a shekarun 1950. Ya ƙara samun martaba da aka shigar da shi gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, inda wata yarinya 'yar Japan mai shekara 13, Momiji Nishiya, ta ci lambar zinariya. An kuma sanya shi cikin jerin wasannin gasar Olamfik ta matasa ta Dakar ta 2026. A maƙwabciyar Kodebuwa, wato Gana, an buɗe filin wasan a birnin Akara a watan Disamban 2021. Ke nan kasuwarsa na buɗewa a Afirka ta Yamma, kuma ya kamata 'yan kasuwarmu su san abin da suke saye.

Allon katako na gargajiya ba daga gungume ɗaya ake sassaƙo shi ba. Ana yanka icen da ake kira maful, wanda ke tsiro a Kanada da arewacin Amurka, a fitar da falle-falle marasa kauri, kowanne bai wuce milimita ɗaya da rabi ba. Sai a jera falle 7, biyar jijiyarsu ta bi tsawon allon, biyu kuma a gicciye su, a shafa gam, a matse a cikin injin da zai lanƙwasa gaba da baya. Wannan gicciyewar ita ce ke hana shi tsagewa, kamar dai filawud ɗin kafintoci. Tsawonsa kan kai kimanin santimita 80, faɗinsa kuma kimanin 20. Ƙwararru na sonsa saboda ƙwarinsa da yadda yake zabura idan an buga bayansa a ƙasa. Ya kamata a sani cewa wannan ice ba ya cikin dazuzzukan Kodebuwa, don haka duk allon maful na gaskiya ta teku ko ta sama ya shigo.

Shi kuwa mai haɗi, an rage yawan fallen katakon ne, aka saka shimfiɗar zaren gilashi ko zaren kabon, aka ɗaure su da wani gam mai ƙarfi da ake kira ifoksi. Irin zaren gilashin nan ne ake ƙera wasu jiragen ruwa da shi. Sakamakon haka allon kan fito siriri, da wuyar karyewa, kuma ya kan daɗe bai saki jiki ba. Aibinsa shi ne tsada, sannan idan bakinsa ya cinye da goga, zaren kan fito ya soki hannu ya sa ƙaiƙayi.

Akwai kuma na uku da ake yawan ruɗar baƙo da shi, wato na roba zalla, gajere mai launi. Wannan ba mai haɗi ba ne. Ruwa ba ya cinsa, amma mara kyansa idan ya sha rana sai ya bushe ya ɓalle.

Babbar matsalar ɗan kasuwar kan iyaka ita ce bambancin yanayi. Abijan gari ne na bakin teku, laimar iskarsa kan haura kashi 80 cikin 100, ga babbar damina daga Mayu zuwa Yuli, da ƙarama a Oktoba da Nuwamba. Katako kan sha wannan laima ya kumbura tun yana cikin sito a kusa da tashar jiragen ruwa ta Treichville. Idan aka kai shi Maraɗi, Jibiya, Illela ko Maigatari, iskar hunturu sai ta tsotse laimar da gaggawa, katakon ya tsuke, gam mara kyau ya saki. Allon maful da aka yi da gam na kirki ya kan jure, mai haɗin ifoksi ya fi jurewa, amma mai arha da aka yi da ice mai laushi shi ke fara darewa.

Saboda haka kafin ka ƙirga kuɗi, ka juya allon ka dubi gefensa, ka ƙirga fallen, ka tabbata babu rata ko kumburi a tsakaninsu. Ka ɗaga shi daidai idonka ka hango tsawonsa, in ya murɗe ka ajiye. Ka ƙwanƙwasa shi da yatsa: mai kyau amonsa a tsaye yake, wanda ya sha ruwa kuwa sai ka ji shi dum. Ka duba ƙarfen da ke riƙe tayoyin, ya kasance na alminiyam, ba robar da aka yi wa fentin azurfa ba. Kada hoton da ke jiki ko rubutun sunan Kanada ya ruɗe ka, domin rubutu ba ya tsada. In hali ya yi, ka tsallaka gadar Houphouët-Boigny ka kwatanta farashin Treichville da na Adjamé kafin ka yanke shawara.

Wajen ajiya kuma, a bar su cikin ledarsu, a kwantar da su a kan dakali ko katako, nesa da ƙasa mai damshi da kuma zafin rufin kwano.

Bugu da ƙari, ka san wanda za ka sayar wa. Wannan kaya ne na garin da ke da kwalta ko daɓen siminti, ba ya tafiya a rairayi. Ga yaro mai koyo, allon katako mai falle 7 na kirki ya wadatar, kuma shi ne zai fi saurin fita. Mai haɗi kuwa, kada ka daskarar da jarinka a kansa sai in wani ya ba ka sautu.

Daga ƙarshe, mu tuna cewa ɗan mutum ne zai hau wannan allo. Idan ya karye da yaro yana cikin gudu, asarar ta wuce ta kuɗi, kuma sunan mai shago ne zai ɓaci a unguwa. Arha dai ba ta ado. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.