Bishiyoyin Daffon Mai: Garkuwa Ne Ko Makamashi?

Da misalin ƙarfe shida da minti ɗaya na asubahin ranar Lahadi, 11 ga watan Disamba, 2005, mutanen garin Hemel Hempstead, wanda ke da nisan kimanin kilomita 40 arewa maso yamma da birnin Landan, suka farka a firgice saboda wata ƙara mai tsananin ƙarfi. Daffon mai na Buncefield ne ya fashe, wato ɗaya daga cikin manyan ma'ajiyoyin man fetur na ƙasar Ingila, wanda har filin jirgin sama na Heathrow yake shayarwa. Tankoki fiye da 20 suka kama da wuta, aka kwashe kwanaki ana fama da ita, mutane fiye da 40 suka jikkata, aka kuma kwashe kimanin 2,000 daga gidajensu. Allah Ya taƙaita ba a rasa rai ba, domin ranar hutu ce, ofisoshin da ke maƙwabtaka da daffon babu kowa a cikinsu.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin ilmin halittu da labarin gobarar tankin fetur? Abin da ya haɗa mu shi ne bishiya. Bayan dogon bincike, an gano cewa bishiyoyi da shingayen da ke gefen hanyoyin daffon suna da hannu dumu-dumu a cikin girman ɓarnar da aka yi. Tun daga lokacin, kula da shuke-shuken da ke kewaye da ma'ajiyar mai ya tashi daga aikin mai ban-ruwan furanni, ya koma wani sashe na tsaron rayuka.

Yadda abin ya faru

Tun daren Asabar aka fara ɗura fetur ta bututu a cikin wani tanki mai lamba 912. Wajen ƙarfe uku na dare sai ma'aunin da ke nuna iyakar man da ke cikin tankin ya maƙale. Na'ura ta biyu, wadda aikinta shi ne ta tsayar da ɗurin idan tanki ya kusa cika, ita ma ba ta yi aiki ba. Da ƙarfe biyar da minti 37 fetur ya fara ambaliya ta saman tankin, ya yi ta kwarara har fiye da lita 250,000 suka zuba. Garin akwai sanyi, iska kuma ba ta motsi. Tururin fetur ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka bai tashi sama ba, sai ya kwanta a ƙasa kamar hazo, ya malala ya ƙetare shingen daffon har cikin wurin ajiye motoci na kamfanonin da ke kusa. Da ya sami tartsatsi sai ya kama.

A nan ne masana suka shiga ruɗu. Abin da aka sani a da shi ne, tururin fetur da ke fili, ba a rufe ba, idan ya kama wuta yakan yi bal ne kawai ya cinye. Fashewa mai ƙarfi sai a wurin da ke cunkushe da bututai da injuna, irin na matatar mai. To amma a Buncefield an tarar da motoci da gangunan ƙarfe a murƙushe, a wurin da yawancinsa fili ne fetal. Daga ina wannan ƙarfi ya zo?

Rahoton da masu binciken yanayin fashewar suka fitar a shekarar 2009 ya nuna cewa, mafi rinjayen zato, wutar ta ƙara gudu ne a cikin jerin bishiyoyi da sarƙaƙiyar da ke gefen wata hanya mai suna Three Cherry Trees Lane. Daga baya aka yi gwaje-gwaje a filin gwaji na Spadeadam da ke arewacin Ingila, inda aka jera bishiyoyi a cikin iskar gas aka kunna, aka kuma tabbatar da cewa rassa masu kauri da cunkoso suna iya sa wuta ta yi gudun da ya zarce na sauti. Har yanzu akwai masanan da ke da saɓanin ra'ayi a kan wasu matakai na fashewar, amma darasin cunkoson rassa ya zauna.

Bayanin abin ba shi da wuya. Wuta tana ci ne a fuskar da ta haɗu da makamashi. Kowace ɗaliba da ta taɓa hura murhu ta san cewa itacen da aka faskara ƙanana ya fi gungume saurin ci, domin fuskokinsa sun fi yawa. Idan harshen wuta ya taso, yakan ingiza tururin da ke gabansa. Idan tururin nan ya ratsa ta cikin dubban ƙananan rassa, sai ya hautsine ya yi ta juyi, kamar yadda ruwan kogi ke yi idan ya bi ta cikin duwatsu. Wannan hautsinewa tana yamutsa fuskar wutar, faɗinta ya ninka, ta ƙara saurin ci, ta ƙara ingiza tururin, shi kuma ya ƙara hautsinewa. Haka abin zai yi ta ciyar da kansa har ya zama fashewa. A lura kuma, lokacin hunturu ne, galibin bishiyoyin sun kaɗe ganye. Tsirarun rassa da ƙirare sun wadatar.

To, a sare su duka ke nan?

Wannan ita ce amsar da ke fara zuwa bakin mutane, kuma a ganina kuskure ce. Ana dasa bishiyoyi a kewayen daffo ne domin su tsare ƙura, su rage ƙarar manyan motoci, su hana zaizayar ƙasa, su kuma sakaya tankokin daga idon maƙwabta. Waɗannan kowa ya san su. Akwai wasu ayyuka biyu da suka fi su muhimmanci, waɗanda ido ba ya gani domin a ƙarƙashin ƙasa ake yin su.

Na farko, bishiya mai shaida ce. Babbar matsalar ma'ajiyar mai ba gobara ba ce kullum, yoyo ne na sannu a hankali daga gindin tanki ko mahaɗar bututu, wanda zai iya shekaru ba a farga ba. Idan mai ya shiga ƙasa yakan lulluɓe ƙwayoyin turɓaya ya hana su riƙe ruwa. Sa'an nan ƙwayoyin bakteriya da ke cin man sukan shanye iskar oksijin da ke cikin ƙasar, su bar iskar kabon da ta miten a madadinta. Saiwa kuwa numfashi take yi kamar ni da kai. Idan ta rasa oksijin sai ta shaƙe, ganye ya fara yin rawaya, ya ƙanƙance, rassan sama su bushe daga tsini zuwa ƙasa. Jerin bishiyoyi biyar da suka yi yaushi a layi ɗaya, alhali 'yan'uwansu na gefe suna kore shar, sau da yawa suna nuna hanyar da wani abu ke bi a ƙarƙashinsu.

Masana a Amurka sun kai wannan dabara gaba. A ƙarshen shekarun 1990, Don Vroblesky da abokan aikinsa na hukumar binciken ƙasa ta Amurka sun nuna, a jihar Karolina ta Kudu, cewa idan aka huda kututturen bishiya aka zaro ɗan siririn itace kamar tsinke, aka sa a kwalba aka rufe, aka auna iskar da ta fito daga cikinsa, ana iya gano gubar da bishiyar ta sha daga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Haƙa rijiyar gwaji ɗaya tana cin kuɗi masu yawa, amma mutum biyu za su iya ɗibar samfurin bishiyoyi da dama a yini guda, su zana taswirar inda gubar ta bi, kafin a yanke shawarar inda za a haƙa rijiyoyin. Dabarar ta fi dacewa da gubar da ba ta saurin ruɓewa. Sinadaran fetur irin su benzin da toluwin sau da yawa bakteriya kan cinye su tun kafin su shiga saiwa.

Wannan ne ma ya kawo mu ga aiki na biyu: bishiya mai wanki ce. Saiwoyi suna tsattsafo da sukari da wasu sinadarai a cikin ƙasar da ke manne da su, saboda haka bakteriya sukan yi dandazo a wurin fiye da sauran ƙasa nesa ba kusa ba. A cikinsu akwai masu farfasa man fetur su mayar da shi ruwa da iskar kabon. Bugu da ƙari, bishiyoyi masu yawan shan ruwa, kamar fofula da wilo na ƙasashen sanyi, sukan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa su rage saurin yaɗuwar gurɓataccen ruwa zuwa rijiyoyin jama'a. Sai dai kada a ɗauka abu ne na dare ɗaya. A kusa da garin Bemidji na jihar Minesota, bututu ya fashe a shekarar 1979, ɗanyen mai kimanin lita miliyan 1.7 ya zuba. Tun 1983 masana ke nazarin wurin, kuma bayan shekaru fiye da talatin an ci gaba da samun ragowar man a ƙarƙashin ƙasa, ko da yake bakteriya sun taƙaita yaɗuwarsa. A Buncefield ma, mai da ruwan kashe gobara sun tsiyaye ta katangun da aka gina don tare su, suka shiga dutsen alli mai riƙe da ruwan sha na yankin, ɗauke da sinadarin kumfar kashe gobara wanda ba ya ruɓewa. Irin wannan babu bishiyar da za ta wanke shi. A shekarar 2010 kotu ta ci kamfanoni biyar tara da kuɗin shari'a na kimanin fam miliyan tara da rabi.

Aikin mai sa ido

Tun da bishiya tana iya zama garkuwa, tana kuma iya zama makamashi, abin da ya rage shi ne a san wadda za a bari, da inda za a bar ta, da siffar da za ta kasance. Ciki da gefen katangar tankoki ba wurin bishiya ba ne, tsakuwa ko gajeriyar ciyawa ake so. Inda tururi zai iya kaiwa idan an yi ambaliya, sai a nisanta bishiyoyi da juna, a sassabe rassan ƙasa, a share sarƙaƙiya, domin dogon shinge mai duhu shi ne abin tsoro, ba bishiya ɗaya tilo ba. Shinge mai kauri yana kuma tare iskar da za ta watsa tururin. A kiyaye saiwoyi daga bututai da magudanai, kada kuma rassa su tare hanyar motar kashe gobara.

Bishiyoyin da aka zaɓa a bari kuwa sai a kare su, musamman lokacin gini. Mutane da yawa suna zaton saiwa tana nutsawa ƙasa ne gwargwadon tsawon bishiya. Ba haka ba ne. Mafi yawan saiwoyin da ke shan ruwa da abinci suna cikin mita ɗaya na sama, suna kuma bazuwa har su wuce iyakar inuwa. Tankar mai ɗauke da lodi idan ta yi ta fakin a ƙarƙashin bishiya, takan danne ƙasa ta toshe ƙofofin iska. Bishiyar ba za ta mutu a ranar ba, sai bayan shekara uku ko biyar, lokacin da kowa ya manta da sanadin. Don haka ƙa'idar da ake bi a Ingila, mai lamba BS 5837, ta ce a auna kaurin kututture a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a ninka sau 12, abin da ya fito shi ne nisan da za a kewaye da shinge daga gindin, har zuwa iyakar mita 15. Cikin wannan da'ira ba haƙa, ba jibge kaya, ba zubar da mai ko siminti.

Sauran aikin haƙuri ne. A ba kowace bishiya lamba, a ɗauki hotonta daga wuri ɗaya a lokaci ɗaya kowace shekara, a rubuta yawan ganye da launinsa da busassun rassa, a kwatanta da irinta da ke nesa da tankoki, a haɗa da sakamakon ruwan rijiyoyin gwaji. Yanzu har hotunan tauraron ɗan'adam ake dubawa, domin lafiyayyen ganye yana mayar da wani haske da idonmu ba ya gani fiye da ganye mara lafiya. Amma na'ura ba ta maye gurbin sanin bishiya. Wanda bai san gawo ba, idan ya gan shi tsirara a tsakiyar damina zai rubuta cewa mai ya kashe shi, alhali ɗabi'arsa ke nan, sai da rani yake yin ganye. Gara, da ƙwari, da fari, duk suna iya kawo yaushi, sai an kore su kafin a tuhumi tanki.

Mu ma muna da daffo-daffo a Kano da Kaduna da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri, ga kuma gidajen mai a kowane lungu, kuma tun shekarar 1992 doka mai lamba 86 ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka a kan muhalli. Yanayinmu yana da nasa haɗarin. Da hunturu gamba da sauran ciyayi sukan bushe ƙayau, ga masu ƙona daji don farautar ɓera. Na taɓa wucewa ta gefen wata ma'ajiyar mai da ɗalibaina a watan Janairu, muka ga busasshiyar ciyawa ta kai ƙirji a jikin wayar shingen, a bayanta kuma jerin bishiyar turare, wadda ganyenta ke ɗauke da mai, ɓawonta kuma ke zuba ya taru a gindi. Darbejiya da aka sassabe ƙasanta, aka ba ta tazara, da ta fi dacewa da wurin.

Malaman makarantun sakandare za su iya gwada ƙa'idar da'irar nan a harabar makaranta, ba a buƙatar komai sai igiya da ma'aunin tela. Idan kewayen kututturen darbejiya ya kai santimita 157, a raba da 3.14, kaurinsa santimita 50 ke nan. A ninka sau 12, an sami mita shida. A ɗaura igiya mai wannan tsawo a gindin, ɗalibi ya zagaya yana jan layi a ƙasa, zai kewaye fili mai faɗin murabba'in mita 113. Daga nan sai a ƙirga abubuwan da ke cikin da'irar: motar shugaban makaranta, da tulin bulo, da ramin shara, da injin janareto tare da baƙin man da ke ɗiga a ƙarƙashinsa.