Babi na Bakwai: Yadda Manhajoji Ke Magana da Juna

Ɗalibin da ke haya a Gyallesu yana karatu a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello ba ya kai kuɗin makaranta hannu da hannu. Shafin jami'a ne ke fitar masa da lamba mai alƙaluma 12 da ake kira RRR, ya kai ta banki ko ya biya da katinsa. Ba a jimawa shafin zai nuna kuɗi sun shiga. Alhali jami'a da banki da Remita, wato tsarin biyan kuɗin da ke samar da lambar, kowa kwamfutocinsa daban, ba mai leƙa asirin wani. To wa ya kai labari?

Mahaɗar manhajoji ce, wadda masana ke kira API. Ita kamar ɗan aike ce da aka ƙayyade masa ƙofar da zai bi, da abin da zai tambaya, da amsar da zai karɓo. Manhajar jami'a ta aika sunan ɗalibi da adadin kuɗi tare da mabuɗin sirri da ke shaida ita ce. Remita ta amsa da lambar biya. Da kuɗi sun faɗa, sai saƙo ya dawo, a sa wa ɗalibi shaidar biya.

Wannan tsari ya kankama tun 2015, lokacin da gwamnatin tarayya ta tilasta wa hukumominta zuba kuɗin shiga a asusu guda, wato TSA, ta hanyar Remita. Bankuna kuwa wata cibiya mai suna NIBSS ke haɗa su, ita ce ta ɓullo da tura kuɗi nan take a 2011. A 2023 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin da banki zai bi wajen buɗe wa wasu kamfanoni mahaɗarsa, bisa yardar mai asusu.

Ɗan kasuwa ma da rabonsa. Mai kantin magani a Tudun Wada da ya haɗa na'urar POS da manhajar lissafinsa, ciniki ɗaya zai rage kaya a sito, ya shiga littafin kuɗi, ya fitar da rasit, ba sai an sake rubutawa ba.

Amma idan saƙo ya maƙale a hanya, nan ake jin “an cire kuɗi, ba su shiga ba.” Shi ya sa kowace mu'amala ke da lambarta, da ita ake bin sawun kuɗi. Kafin ɗan kasuwa ya sayi manhaja, ya tambaya: da wa take iya magana, kuma wa ke riƙe da mabuɗinta?