Kukan Amfilifaya Bayan An Kashe Ta: Sahihi da Batili

A Tumbutu ta ƙasar Malanbil, kusa da inda kogin Kwara ya raba Benin da Gaya ta Nijar, akwai magana da ke yawo a bakin jama'a cewa tsohuwar amfilifayar masallaci, wadda ladani yake kashewa bayan kiran Lisha amma ta yi gunji ko ƙyas-ƙyas, aljanu ne suka tare a cikinta. Samuwar aljanu ba abin jayayya ba ce ga Musulmi, amma jingina musu wannan kuka da'awa ce marar hujja, alhali kuwa sababinsa a bayyane yake ga duk mai gyaran rediyo.

Masu cewa wuta ba ta ƙarewa nan take a cikin na'urar, su ne suka dace da gaskiya. Akwai wasu 'yan gwangwanaye a ciki, kondansa, waɗanda asalinsu ke komawa ga kwalbar da masana suka sarrafa a birnin Laidin na Holan wajen 1746, kuma aikinsu shi ne taskace lantarki. Idan aka yanke wuta, sai abin da suka ajiye ya zube a hankali ta hanyoyin da ba su daidaita ba, lasifika kuwa, da yake ba ta bambance muryar ladani da rawar lantarki, sai ta furta shi da "dum". Ƙyas-ƙyas ɗin da ke biyo baya ƙarfe ne mai zafi yana takurewa, kamar kwanon rufi bayan faɗuwar rana. Har muryar da wasu ke rantsuwa sun ji tana magana tana dushewa, haƙiƙa sun ji ta: doguwar wayar da ta hau hasumiya takan zama eriya, ta kamo wata tashar rediyo.

Batun cewa tana shan wuta cikin dare batili ne, muddin makunninta yana yanke wutar gaba ɗaya.

Sai dai kada a ce kowane kuka lafiya ne. Zafin bazara a wannan yanki yakan haura digiri 40, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwar irin wannan kondansa, domin ruwan cikinta yana bushewa. Saboda haka idan gunjin yana ƙaruwa wata bayan wata, ko na'urar tana gurnani tun tana kunne, ko an ji ƙauri, to gyara ya wajaba kafin lasifika ta ƙone.

Ya kai mai hidimar masallaci, rage murya kafin ka kashe, kuma kada ka buɗe murfinta da hannunka, musamman tsohuwa mai kwalabe, domin takan riƙe ɗaruruwan bolt ko an zare ta daga soket. Kai ta wurin mai gyara.