Tangaɗi Ga Yara

A ƙasarmu ta Haɗejiya, inda kogi ke malala cikin fadama kowace damina, yaro tun yana ƙanƙane ya kan iya bin kunyar gona bai zame ba, ya kuma tsaya cikin kwalekwale. Saboda haka in irin wannan yaro ya soma tafiya yana ware ƙafafu, yana tangaɗi sai ka ce mashayi, nan da nan a kan lura. Gane dalilin ne aiki. Wasu su ce iska ce ta taɓa shi a bakin ruwa, wasu su ce shan inna ne. Mu da mu ke koyon malanta ya kamata mu san abin da likitoci su ka gano, gama sau da yawa malami ne ke fara ganin alƙalamin yaro yana kauce wa layi.

Likitoci na kiran wannan hali atakziya, kalmar Girkanci ce, ma'anarta rashin tsari. A wajen ƙeya, ƙarƙashin babbar ƙwaƙwalwa, akwai wata ƙarama wadda aikinta auna motsi, ita ce ke gaya wa hannu inda zai tsaya. In ta sami lahani, ƙarfin yaro na nan, daidaito ne ya ɓace. A nan su ka bambanta da shan inna, inda ƙafa kan yi laushi ta shanye.

To, tangaɗi alama ce kamar tari, cututtuka da yawa na kawo shi, don haka tambayar farko ta likita ita ce: tun yaushe?

Wanda ya zo farat ɗaya shi ya fi yawa. Ya kan biyo bayan ƙarambau da mako ɗaya zuwa uku, yawanci kuwa ya kan wuce da kansa cikin 'yan makonni. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai ya kan bar yaro da shi, mutanen Auyo da Guri da Kirikasamma kuwa ba a ba su labarin sauro. Haka sanƙarau. Sa'an nan akwai abin da yaro ya haɗiya, watau maganin farfaɗiya da ya wuce kima, ko ƙwayoyin da manya su ka bari a bakin gado, ko maganin feshin gona. Dalma ma na taɓa ƙwaƙwalwa, ita ce ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Amma wanda ya fi ba mu tsoro shi ne yaron da ke tashi da ciwon kai da amai kowace safiya, tangaɗin kuwa kullum sai ƙaruwa. Wannan yana iya zama ƙari ne a ƙeya, ba a jira da shi ko kwana ɗaya.

Na gado shi ya kan shigo sannu, har iyaye su kasa tuna ranar da ya soma. Wani likitan Jamus, Friedreich, ya bayyana iri guda a 1863, amma sai 1996 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi. Ya kan soma kusa da balaga, ƙashin baya ya karkace, zuciya ma ta taɓu. Sunansa ya cika littattafai, amma ya fi yawa ga Turawa da Larabawa da Indiyawa, da wuya ƙwarai a same shi ga baƙar fatar Afirka, saboda haka kada mu yi gaggawar liƙa wa ɗan Haɗejiya sunan da mu ka karanta. Akwai wani irin da wata likitar Beljiyam, Louis-Bar, ta bayyana a 1941. Shi tun yaro na tatata ya ke somawa, daga baya jajayen jijiyoyi su fito a farin ido, ciwon ƙirji ya yi ta komo masa. Wani kuma, wanda aka fi sani a Tunisiya, jiki ne ke kasa riƙe bitamin E, in an gane da wuri aka yi ta ba yaro, cutar ta kan tsaya.

Waɗannan uku duk ba sa bayyana sai yaro ya gaji ƙwayar daga uwa da uba baki ɗaya, alhali su lafiyarsu ƙalau. In haka ta kasance, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na kamuwa. Auren zumunci na ƙara yiwuwar haɗuwar ƙwayoyin biyu, shi ya sa likita ke tambayar dangantakar iyaye. Ba daidai ba ne fa a ɗora wa uwa laifi ita kaɗai, kamar yadda a kan yi a wasu gidaje, gama rabin gadon daga uba ya fito.

Yawancin gwajin ba ya bukatar na'ura. Likita zai sa yaro ya bi miƙaƙƙen layi, diddige na taɓa yatsu. Zai ce ya taɓa hancinsa sa'an nan ya taɓa yatsan likita, a ga ko hannu na rawa ko yana zarce wurin. Zai duba ko ƙwayar ido na kaɗawa, ya saurari ko magana na jan jiki, ya buga gwiwa da 'yar guduma. Kana ya tsai da shi ƙafafu haɗe, ya ce ya rufe ido. In sai da ya rufe ya yi baya zai faɗi, an fi zargin jijiyoyin ƙafa ko laka, ba ƙaramar ƙwaƙwalwa ba. Bayan wannan sai awon jini, in kuwa ana bukatar hoton ƙwaƙwalwa, daga Babban Asibitin Haɗejiya a kan tura yaro gaba, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Wanda zai raka yaron ya tafi da kwalbar kowane magani da aka ba shi, har na gargajiya. Malami kuma ya haɗa masa da tsohon littafin rubutun yaron da sabo, likita ya gwama su ya ga lokacin da hannun ya soma sākewa.