Gidan Wa Za Ka Sauka a Damagaram?

Duk wanda ya taso daga Tanut ko Belbeji zai shiga Damagaram, kafin ya tambayi kuɗin mota sai ya san gidan wa zai sauka. Ita hanyar ba ta buƙatar dogon bayani: kilomita wajen 150 ce daga Tanut, bisa titin da ya gangaro daga Agadas. Ka riƙe katin shaidarka saboda shingayen jandarma, shi ke nan.

Masauki shi ne maganar. Sau da yawa sai ka ji ana cewa wai baƙon kirki a Birni yake sauka, kusa da fada. Wa ya gaya musu? Birnin da Sarki Tanimu ya kewaye da ganuwa a ƙarni na 19 mazaunin sarauta ne da fadawanta. Baƙo kuwa tun fil azal na Zango ne. Can ayarin Buzaye ke sauke gishirin Bilma, can fatake ke kwance kaya, kowa da fatomansa. Fatoma zai ba ka ɗaki, ya aiko da akushin tuwo bayan isha'i, ya adana maka kaya, ya nemo mai saye, in ciniki ya faɗa ya karɓi la'adarsa. Mai saye ya ci bashi ya yi shiru? Fatoma ne zai bi shi, don sunan gidansa ne zai ɓaci. Wane otel zai yi maka wannan?

Ko Turawan farko ba su keta ƙasar nan da ƙarfin aljihu kaɗai ba. A watan Janairun 1851, Barth da Richardson da Overweg sun iso Damargu cikin ayarin gishirin Annur, shugaban Kel Ewey, suka rabu a Tagelel: Richardson ya nufi Damagaram, Barth ya bi ta Tasawa zuwa Katsina da Kano. Ba don inuwar wannan dattijo ba, da wuya su ƙetare Abzin lafiya.

Otel-otel dai akwai su, ga wanda ba shi da kowa. In can za ka, ka tambayi ruwa kafin ka tambayi fanka, don ƙishin Damagaram tsohon labari ne. Ka guji Afrilu da Mayu in ba dole ba. In kuwa hawan salla za ka gani, ka aika wa mai masaukinka tun azumi bai raba tsakiya ba, kuma kada ka shiga gidansa hannu rabbana. Ko tiya biyu ta geron Damargu ka riƙa.