Yadda sauya taya ɗaya ke rikita na'urar hana santsi a mota

Direbobi da dama sun taɓa gamuwa da wannan matsala. An baro wurin mai faci da sabuwar taya, ba a yi nisa ba sai wata fitila mai ruwan ɗorawa ta fara ƙyaftawa a gaban direba, mai hoton mota da layuka biyu a karkace. Wani lokaci ma motar kan rage ƙarfi da kanta ko ana taka totur.

Fitilar ta na'urar hana santsi ce, wadda Toyota ke kira TRAC da VSC, Honda kuma VSA. Amurka ta wajabta irin wannan na'ura a sababbin ƙananan motoci tun daga ƙirar 2012, shi ya sa motocin hannu da ake shigowa da su Najeriya daga can suke ɗauke da ita.

Na'urar ba ta ganin hanya. Kowace ƙafar mota na da sensa mai ƙirga juyawar taya, wadda burkin ABS ma ke amfani da ita. Idan ƙwaƙwalwar mota ta ga taya ɗaya ta fi sauran gudu, sai ta ɗauka santsi ne, ta kama mata burki ko ta rage ƙarfin inji.

A nan girman taya ke shigowa, domin ƙarama ta fi babba yawan juyawa a tafiya ɗaya. Taya mai lamba 205/55 R16 tsayinta kusan milimita 632 ne, mai 215/60 R16 kuwa kusan 664. Duka biyun na hawa wili mai inci 16, amma bambancinsu ya kai kashi 5 cikin 100. Idan aka haɗa su a mota ɗaya, na'urar za ta iya kama burki a kan busasshiyar kwalta, ko ta kashe kanta baki ɗaya.

Kashewar ta fi haɗari. Ranar da aka shiga kwana da gudu cikin ruwan damina, babu abin da zai tare motar idan ta fara zamewa.

Ƙarancin iska da haɗa sabuwar taya da wadda ta suɗe su ma suna rage tsayi, ko da lamba ɗaya ce. Ita kuma sirirriyar safaya ta kai mutum wurin gyara ce kawai, kuma ba a son a wuce kilomita 80 a awa da ita.

Lambar taya da yawan iskar da kamfani ya tsara suna rubuce a jikin ƙofar direba. Wanda ba shi da halin sayen huɗu ya sayi biyu iri ɗaya, a ɗaura su a baya, domin zamewar bayan mota ta fi wuyar shawo kai.

Idan tayoyin sun daidaita amma fitilar ta ƙi mutuwa, sai bakanike ya duba sensa da wayarta, don akan taɓa su wajen kwance ƙafa.